Muhawara: Wa Ke Tsara Manufar Najeriya Kan Nijar, Kuma Da Wa Ake Shawara?

Ɗan Jibiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so masana da dattawan da ke cikinmu su taya ni warware ta. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu kacal, ranar 30 ga wata, shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, suka dakatar da hulɗar kuɗi da kasuwanci, suka ba sojojin wa'adin kwana bakwai su mayar da mulki ko a yi amfani da ƙarfi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne a wannan lokacin Najeriya ba ta da ministan harkokin waje, domin sai ranar 21 ga Agusta aka rantsar da ministoci, ciki har da na harkokin waje, Yusuf Maitama Tuggar. Ke nan hukunci mafi nauyi da aka yanke kan maƙwabciyarmu a cikin shekaru masu yawa an yanke shi ne ma'aikatar da abin ya shafa ba ta da shugaba, kuma ban ji an tambayi ko gwamna ɗaya daga cikin jihohi bakwai da ke iyaka da Nijar ba kafin a zartar. Tambayata ita ce: a ƙasar nan wa ke tsara manufar hulɗa da maƙwabta, kuma a wane mataki ake jin ta bakin waɗanda za su ɗauki nauyinta?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana kan hanya, amma ina ganin ka ɗora wa Abuja laifin da ba nata ita kaɗai ba ne. Hukuncin ranar 30 ga Yuli na ƙungiya ne, kuma ƙungiyar tana da yarjejeniya ta shekarar 2001 kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta haramta karɓar mulki ba bisa tsarin mulki ba, Nijar kuma ta sa hannu a kanta kamar kowa. Ka tuna kafin Nijar an yi juyin mulki sau biyu a Mali, an yi a Gini, an yi sau biyu a Burkina Faso, duk a tsakanin 2020 da 2022. Shugaba Tinubu ya karɓi shugabancin ƙungiyar makonni kaɗan kafin abin ya faru, ya kuma faɗa a fili cewa ba za a lamunci wani juyin mulki ba. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, dole ka shafa wa naka ruwa. Mu da muka yi aikin gwamnati a ƙarƙashin mulkin soja mun san abin da ake gudu. Kuma kada a manta barazanar ƙarfi ta taɓa yin aiki, domin da ita aka fitar da Yahya Jammeh daga Gambiya a 2017 ba tare da an gwabza yaƙi ba.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in yi magana daga wannan ɓangaren na iyaka. Gambiya ba Nijar ba ce, kuma tsakanin Najeriya da Gambiya babu kishiyoyi da 'yan uba da surukai kamar yadda suke tsakanin Katsina da Maraɗi. Ni shekara ashirin ina saro kaya daga Kano ina kawowa gida, ƙanwata tana aure a Daura, mijina yana da 'yan uwa a Illela. Da aka rufe iyaka, manyan motoci sun yi jerin gwano a Jibiya da Illela har albasa da tumatir suka ruɓe a cikinsu, farashin shinkafa da magani ya tashi a wurinmu, Yamai ta shiga duhu saboda kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa. Wanda ya yi juyin mulki yana da janareto a gidansa. Wadda ta rasa wuta ita ce mai naƙuda a asibiti da mai sayar da ƙanƙara a bakin tasha. Abin da CEDEAO, wato ECOWAS ɗinku, ba ta hango ba shi ne wannan wahalar ta tura mutanen da ba sa son soja zuwa bayan soja, domin sun ɗauki abin a matsayin cin zarafin ƙasa. Ni kaina ban taɓa fita zanga-zanga ba, amma na san matan da suka fita a lokacin, alhali a da ko sunan Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba su sani ba.

Lauya Bakano:
Bari in taɓa ɓangaren doka, saboda amsar tambayar Malam Ɗan Jibiya tana nan a rubuce. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa harkokin waje a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, saboda haka gwamnan Katsina ko na Sakkwato ba shi da hurumi a hukumance, ko da iyakar tana ƙofar gidansa. Sashe na 19 ya lissafa manufofin hulɗa da waje, ciki har da kare muradin ƙasa, da ƙarfafa haɗin kan Afirka, da sasanta rikici ta hanyar tattaunawa da sulhu. Birki guda mai ƙarfi yana sashe na 5, wanda ya ce ba za a tura sojan Najeriya yaƙi a wajen ƙasa ba sai da amincewar Majalisar Dattawa. Wannan birkin ne ya yi aiki a farkon Agustan 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa ya rubuta wa majalisar, sanatocin arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, majalisar kuma ta ba da shawarar a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Amma ku lura da giɓin da ke wurin: doka ta tilasta a nemi izini kafin a harba bindiga, ba ta tilasta a nemi izinin kowa kafin a rufe iyaka ko a yanke wuta ba, alhali waɗannan ma suna iya kashe mutane, sai dai a hankali.

Ɗan Jibiya:
Barista, wannan giɓin shi ne ainihin abin da nake nufi. Kuma ba sabon abu ba ne, domin a watan Agustan 2019 ma da dare ɗaya aka rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mu da ke cikin wannan kilomita 20 ɗin 'yan Najeriya ne, amma sai da muka riƙa tafiya mai nisa neman man da za mu zuba a babur da injin ban ruwa.

Malamin Tarihi:
Malam, ka koma baya fiye da haka ma. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986, kuma abin ya zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokacin suna El-Buhari. Hajiya za ta gaya mana ko dattawan Maraɗi sun manta da sunan. Abin da nake so mu fahimta shi ne wannan layin da ake rufewa da buɗewa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kuma sun yi ta matsar da shi ne don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka koma can bayan jihadi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkin Sarkin Katsinan Maraɗi, Tsibiri kuma ta Gobirawa ce. Iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 da ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya ba a riƙe ta da takardar umarni.

Sai dai kada mu ɗauka shugabannin farko ba su san haka ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, Faransa ta karkata ga Biyafara, wasu ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka kamar Kwaddibuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa, amma Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. A kan wannan amanar aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar a 1971, mai hedikwata a Yamai, shekara huɗu kafin a kafa ECOWAS kanta a Legas a 1975. Kafin nan akwai Hukumar Tafkin Cadi ta 1964. A 1990 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan kogunan da suke tarayya a kansu, irin su Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Kayan aikin zumunci suna nan, an dai bar su ne ƙura ta rufe su, ba a tuna da su sai rikici ya tashi.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Malam, ba su manta ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da wannan yunwar take lissafin shekarun 'ya'yanta.

Baba Mai Ritaya:
Na ji bayananku, kuma ban musa wahalar da aka sha ba. Amma ina so mu yi wa juna adalci. Kuna ta kallon kuskuren Abuja kamar a Yamai waliyyai ne ke zaune. Tawagar farko da aka tura, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta je Yamai ta dawo ba a ba ta damar ganin Janar Tiani ba. Wannan wane irin karɓar baƙi ne ga dattawa irin waɗannan? ECOWAS ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024 ba tare da an saki Bazoum ba, Najeriya ta buɗe iyaka ta mayar da wuta a watan Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso ba su janye sanarwar ficewar da suka yi ranar 28 ga Janairun 2024 ba, har ficewar ta tabbata a Janairun 2025. A Disambar 2024 kuma Janar Tiani ya fito a hira da harshen Hausa yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, sai da mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya fito shi ma da Hausa ya ƙaryata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, 'ya'yana. Idan manufarmu tana da gyara, tasu ma tana da shi.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ne Baba, amma ka lura da wanda ya buɗe ƙofar da ta rufu. Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ne ya fara ganin Tiani ranar 9 ga Agusta, tare da Sarkin Damagaram, ba kuma a matsayin ɗan aiken gwamnati ya je ba. Bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je aka karɓe ta, sannan Abdulsalami ya koma karo na biyu ya ga Tiani ya ga Bazoum. Wato hanyar sarauta da ta malanta, waɗanda suka girmi iyakar kanta, su ne suka yi aikin da wa'adin kwana bakwai ya kasa. Abin takaicin shi ne an nemo su bayan an riga an zare takobi. Da an fara da su tun ranar 27 ga Yuli, wataƙila da labarin ya bambanta.

Injiniya Ɗan Argungu:
Ina so in tsaya kan maganar wuta, domin a ganina a nan ne aka yi asarar da za ta fi daɗewa. Kogin Kwara yana ratsa Nijar kafin ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, kuma da ruwansa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Jebba suke ba da wuta. Fahimtar da aka daɗe a kanta tun shekarun 1970 ita ce Najeriya ta sayar wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, Nijar kuma ba ta da dalilin gaggawar tare kogin daga sama. Wannan ciniki ne da kowa ke cin riba. Ranar da aka yanke wutar don a hukunta sojoji, an koya wa kowane ɗan Nijar, har da wanda zai yi mulki bayan sojojin, cewa dogaro da Najeriya haɗari ne. Aikin madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, ya daɗe yana tafiyar hawainiya, amma yanzu babu gwamnatin da za ta zo Yamai ta ce ba shi da muhimmanci. Injiniya ba ya raina abin da ya shafi ruwan da ke zuwa masa daga sama. Wanda ya ba da umarnin yanke wutar, ina shakkar ko an ajiye masa taswirar kogin a gabansa.

Haka batun layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Hujjar kashe maƙudan kuɗi a kansa ita ce kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Najeriya maimakon Kwatano da Lome. Hannu ɗaya na gwamnati yana shimfiɗa dogo don a jawo cinikin Nijar, ɗaya hannun yana rufe ƙofar da dogon zai bi.

Lauya Bakano:
Injiniya ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Matsalar ita ce babu wuri guda da ake zama a auna waɗannan muradun tare. Ma'aikatar sufuri tana da nata lissafi, kwastan suna da nasu, ofishin mai ba da shawara kan tsaro yana da nasa, ma'aikatar harkokin waje kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ke jin labari. A watan Satumban 2023 aka kira jakadun Najeriya gida daga ko'ina a duniya, aka kuma shafe fiye da shekara ba a naɗa sababbi ba, a daidai lokacin da ake buƙatar mai cikakken iko da zai riƙa shiga yana fita a fadar Yamai. Ba na raina ƙananan jami'an da suka riƙe ofisoshin, amma a al'adar diflomasiyya akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga jakada. Ina kuma da amsa ga Baba kan yarjejeniyar 2001. Ita wannan yarjejeniyar ta yi magana kan mutunta tsarin mulki gaba ɗaya, amma da Alpha Conde a Gini da Alassane Ouattara a Kwaddibuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020, ƙungiyar ba ta rufe wa kowa iyaka ba. Talaka yana gani, kuma shi ya sa da aka zo kan soja bai yarda cewa don shi ake yi ba.

Ɗan Diffa:
Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in kawo batun da ba a taɓo ba, wato tsaro. A nan gabas kogin Komadugu ne kawai tsakaninmu da Borno da Yobe, kuma da rani yaro ma yana tsallaka shi. Dubban mutanen Damasak da Malam Fatori da Abadam sun yi gudun hijira zuwa wurinmu, mun zauna tare mun ci tare. A 2015 sojojin Nijar da na Cadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Cadi, mai hedikwata a Injamena, tana da sashe a nan Diffa, kuma a watan Maris na 2025 aka sanar cewa Nijar ta janye daga cikinta. Ku duba wanda ya ci ribar wannan saɓanin. Mai ɗauke da bindiga a daji ba ya tambayar ko ƙasa tana cikin CEDEAO ko tana cikin AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. A yamma ma haka ne, tsakanin Sakkwato da Kebbi da Doso da Tawa, inda 'yan bindigar Lakurawa suka sami sararin yawo. Hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya zo Yamai a Agustan 2024 ya gana da takwaransa, wannan abin a yaba ne, amma ziyara ɗaya ba ta maye gurbin sintirin da ake yi tare kullum.

Baba Mai Ritaya:
A kan wannan ba ni da ja, ɗana. Kuma na karɓi maganar Barista kan wa'adi na uku, domin gaskiya ce mai ɗaci. Inda har yanzu nake tsaye shi ne ba zai yiwu Najeriya ta yi shiru idan aka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati a maƙwabta ba. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne ya kamata hukuncin ya tsaya kan waɗanda suka yi laifin, a hana su tafiya, a riƙe dukiyarsu, a bar hatsi da magani da wuta su wuce.

Ɗan Jibiya:
Baba, idan muka tsaya a nan ma an sami ci gaba. Ni abin da zan ƙara shi ne tun da Nijar ta fita daga ECOWAS, babu sauran inuwar ƙungiya da za mu fake a ƙarƙashinta, dole a koma hulɗar ƙasa da ƙasa. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a bar su su shiga su fita kamar da, amma ta ce har zuwa wani lokaci ne, kuma abin da aka ba ka na wucin gadi ana iya janye shi da safe. 'Yancin zirga-zirgar da yarjejeniyar 1979 ta bayar, na zaman kwana 90 ba biza, shi ne abin da kasuwannin Maigatari da Illela da Dawanau suke rayuwa a kansa. Ministan harkokin waje ya je Yamai a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa na Nijar, Bakary Yaou Sangare, suka yi maganar farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa ta 1971. Idan da gaske ake, ina ganin a cikin wannan hukumar ya kamata a ba gwamnonin iyaka da sarakuna da shugabannin 'yan kasuwa kujera ta dindindin, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa duk abin da zai faru tsakanin fadar Abuja da ta Yamai ba za a taɓa abinci da magani da wuta ba.

Lauya Bakano:
Ana iya yin hakan ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ba, domin kujerar shawara ba ta ƙwace ikon tarayya. Sai dai idan ana so alƙawarin abinci da wuta ya zama doka da kotu za ta iya tilastawa a Najeriya, sashe na 12 ya ce sai Majalisar Tarayya ta mayar da yarjejeniyar dokar ƙasa. Wannan aikin sanatoci da 'yan majalisar wakilai na jihohin iyaka ne, kuma su ne ya kamata mu tambaya ko akwai wanda ya taɓa gabatar da irin wannan ƙudiri tun bayan 2023.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Barista, ku tambayi naku, mu a nan ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisar da za mu tambaya tukuna. Amma idan za a ba 'yan kasuwa kujera, ina roƙon kada a tsaya kan manyan alhazai masu tireloli, domin su ko an rufe iyaka suna da hanyarsu. A sa mata masu ɗaukar buhu biyu ko uku a motar haya, waɗanda ake tsayarwa a shinge bayan shinge tsakanin Katsina da Ɗan Isa ana karɓar na goro a hannunsu ko iyaka tana buɗe. Ranar Lahadi mai zuwa zan bi hanyar in je kasuwar Jibiya, in Allah ya yarda zan ƙirga shingayen in kawo muku adadinsu a nan.